Farin ciki kamar zabo ne



A shekarar 2012 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 20 ga watan Maris ta zama ranar farin ciki. Kowa yana son farin ciki. Tambaya ita ce: bin sa ake da gudu, ko shi ke iske mutum?

Manomi ya san halin zabo. In an bi shi da gudu, sai ya tashi. In an watsa masa hatsi a tsakar gida, aka koma ga aiki, da kansa zai zo. Haka farin ciki yake.

Ga misali. Kaka ta yi. Saurayi ya buɗe rumbu, ya sayar da hatsi da araha, ya sayi salula da sabon yadi. Ya yi murna kwana bakwai. Da damana ta faɗi, rumbu ya ƙare. Ya koma kasuwa yana sayen tiya da tsada, ko ya ci bashi. Daɗin ya wuce, wahala ta zauna. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Masana sun daɗe suna tunani a kan wannan. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya rubuta littafi mai suna Kimiya'us Sa'ada. Ya nuna cewa mafarin farin ciki shi ne mutum ya san kansa, ya san Ubangijinsa. A Ingila kuma an yi wani masani, John Stuart Mill. A 1826, yana da shekara 20, baƙin ciki ya rufe shi, alhali bai rasa abinci ko ilimi ba. Daga baya ya gane cewa mai farin ciki shi ne wanda ya sa hankalinsa ga aiki mai amfani da kyautata wa mutane.

Kada a ce, to, sai a naɗe hannu. Waɗanda suka ga yunwar 1973 da ta 1984 sun san ba a yi wa mai jin yunwa wa'azin wadar zuci. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Don haka a kai taki gona. A tattala rumbu. A kai yara likita. A fita gayya, a ziyarci dangi, a zo karatu. Wannan shi ne hatsin da ake watsa wa zabo.

Allah ya ba da damana mai albarka.