Daga Littafin Akuya Zuwa Wayar Hannu: Wasannin da Muke Ƙagawa da Kanmu

Jawabin da ɗaya daga cikinmu ya gabatar a taron shekara na tsofaffin ɗalibai a Kanya Babba





Da sakatare ya aiko mini cewa ni zan yi jawabin bana, sai na tambaye shi a kan me. Ya ce, "A kan wannan shiririta taka da ka ƙi bari tun muna makaranta." To, ga ni da shiriritar, kuma ina roƙon malamai su yi mini haƙuri kamar yadda suka saba.

'Yan ajinmu za su tuna da Littafin Akuya. A shekarar 1991, shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano, ni da wani abokina, Allah Ya jiƙansa, muka sami littafin rubutu muka bi shafukansa muka sa musu lamba. A shafi na ɗaya muka rubuta cewa akuyar innarka ta tsinke ana gobe kasuwa. In za ka bi sawunta zuwa fadama, buɗe shafi na 7. In za ka tafi kara ka tambayi dillalai, buɗe shafi na 12. Kowane shafi da nasa zaɓi, har mutum ya dawo gida da akuya, ko ya dawo da kunya. Littafin nan ya zaga ɗakunan kwana, kowa ya karanta sai ya ƙara nasa shafi, har bangonsa ya fita.

Ran nan muna firef sai malaminmu na Hausa, wanda ga shi can zaune yana murmushi, ya kama shi a hannuna. Na kwana uku ina jiran bulala. Da ya dawo mini da shi, sai na ga ya bi ya gyara mana duk wata ƙ da ɗ da jan biro, sannan a shafi na 19 ya rubuta: "Nan kun kashe mai karatu ba tare da kun gargaɗe shi ba. Wannan ba adalci ba ne." Malam, yau fiye da shekara talatin ke nan, ban sami darasin da ya fi wannan amfani a harkar nan ba.

A lokacin ba mu san cewa wasu a duniya sun riga mu ba. A 1976 wani ma'aikacin kwamfuta a Amurka, Will Crowther, mai sha'awar shiga koguna, ya tsara wa 'ya'yansa mata wasa a kwamfuta, ya kwaikwayi taswirar wani sashe na kogon Mammoth da ke Jihar Kentucky. Babu hoto ko ɗaya. Kwamfuta za ta bayyana maka inda kake, kai kuma ka rubuta mata kalma ɗaya ko biyu, kamar "tafi arewa" ko "ɗauki fitila". A 1977 wani ɗalibin Jami'ar Stanford, Don Woods, ya ci karo da wasan, ya nemi izinin mai shi, ya faɗaɗa shi, aka yi ta kwafa daga jami'a zuwa jami'a kyauta. Daga nan wannan nau'i na wasan tafiye-tafiye da warware matsala ya samo asali. Ku lura, mai sha'awa ne ya fara, wani mai sha'awa ya ƙara, jama'a suka yaɗa, kamar dai yadda aka yi da Littafin Akuya.

Jama'a, mu Hausawa ba baƙi ba ne wajen ƙaga wasa. Ku dubi dara. Gurbi talatin a ƙasa, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, wannan da tsinke wancan da tsakuwa, ka jera uku ka ci ɗan abokin karawarka. Wanda ya fara tsara ta ba mu san sunansa ba, amma ya yi aikin hankali, tun da har yau dattawa na zama a gindin bishiya ba su gaji da ita ba. Haka langa, haka kacici-kacici. Ba a sayar wa kowa su ba, yaro ya koya wurin yayansa, baƙo ya kai garinsu.

Labarun kuwa ga su nan a jibge. Ku tuna labarin Bayajidda na nan maƙwabtanmu Daura: sai da maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, sai da tsohuwa Ayana ta gaya masa halin da rijiya take ciki, sannan ya tunkari macijin Kusugu. Wato makami, da labari, da abin da ya tare hanya. Masu tsara wasa a ko'ina a kan waɗannan ukun suke gini. Haka Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934: mutum ya bar gida neman magani, gari bayan gari, Malam Zurƙe na biye da shi. Da a ce kowace mararraba an bar wa mai karatu zaɓi, ai wasa ya tashi.

To, yaya ake yi? Zan faɗi yadda nake yi, ni da ba injiniya ba.

Da farko takarda da fensir. Ka zana wurare kamar goma, gida, kasuwa, rijiya, ƙofar fada, ka ja layi tsakanin waɗanda ake bi daga wannan zuwa wancan. Sannan ka ba mai wasa buƙata guda ɗaya wadda zai ji ta a ransa. Bayan haka ka sa abubuwan da za su tare shi, kowanne ka ɓoye maganinsa a wani wuri. A wasan da na yi wa yarana, akwai tsoho a bakin rijiya wanda ya ga inda akuya ta bi. In ka tambaye shi kai tsaye, sai ya kau da kai. In ka durƙusa ka gaishe shi, ka ja masa guga, sai ya nuna maka hanya. Ban rubuta wa'azi ko layi ɗaya ba, amma autana, da ya sha kaye sau biyu, da kansa ya ce, "Baba, ashe gaisuwa ce mabuɗin." Na ƙarshe shi ne gwaji. Ka ba wani ya buga, ka zauna gefe ka kame bakinka. Duk inda ya cije, laifinka ne, sai ka koma ka sa masa alama, kamar yadda Malam ya koya mana a shafi na 19.

Kayan aikin kuma kyauta suke. Akwai manhajar Twine, wadda Chris Klimas ya fitar a 2009. Kowane shafi akwati ne a allo, zaɓi kuma layi ne da ke haɗa akwatunan, kuma tana karɓar haruffanmu masu lanƙwasa. In ka gama sai ta ba ka fayil guda ɗaya, mara nauyi, wanda za ka tura ta WhatsApp ko Xender, kamar yadda ake tura fim a shagon masu caji. Ga ƙananan yara akwai Scratch, wadda jami'ar MIT ta fitar a 2007. Kada kuma a ce sai Turawa: a 2016 wasu matasa a Kamaru suka fitar da wasan Aurion, wanda suka gina a kan al'adun Afirka, aka saye shi a ƙasashen waje.

Na san abin da ke ran wasu iyayenmu a nan, cewa wasa ɓata lokaci ne. Tsoronsu yana kan hanya. Wasan da ke hana salla da karatu, ko wanda caca ta shiga, ba ruwanmu da shi. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, waya ta riga ta shiga gidajenmu, kuma abin da yaranmu ke bugawa a ciki babu harshenmu, babu garuruwanmu, babu gaisuwarmu. Tsofaffin da ke cewa "ga ta nan, ga ta nanku" suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Yaron da ya zauna ya tsara wasa kuwa, dole ya yi rubutu, ya yi lissafi, ya je wurin kakarsa ya ɗauko labari, ya kuma koyi haƙuri da gyara.

Saboda haka ina da roƙo uku ga wannan ƙungiya. Na ɗaya, mu nemi amincewar hukumar makaranta a kafa ƙungiyar masu ƙaga wasa, a fara da littafin rubutu ko da babu lantarki. Na biyu, duk mai tsohuwar kwamfuta da ke shan ƙura a gida ya kawo, 'yan uwanmu da suka yi karatun kwamfuta a Kazaure su duba ta, su kuma riƙa leƙowa ko sau ɗaya a zango. Na uku, a taron baɗi mu sa 'yar kyauta ga wasan da ya fi kyau, da sharaɗin a yi shi da Hausa, a kan wuraren da muka sani, daga duwatsun Roni zuwa kasuwar Babura, kuma a bar shi a buɗe, duk mai so ya kwafa ya ƙara nasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ni na ɗauki alkawarin Asabar ɗaya a kowane wata, in Allah Ya yarda.

Daga ƙarshe, in akwai wanda Littafin Akuya ya maƙale a akwatinsa, don Allah ya fito da shi. Ba za a tambaye shi dalili ba.

Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya mayar da kowa gida lafiya.