Tatsuniyar Bakin Kwara da Yaranmu

Jama'a masu sauraro, na Malanville da na Gaya, na Karimama da waɗanda ke rugage a bayan gari! Yau ba farashin albasa ko na shanu za mu tattauna ba. Tambaya gare ni: yaushe rabonka da ka zaunar da ɗanka da dare ka yi masa tatsuniya?

Kada ka ce aikin tsofaffin mata ne. Saurara tukuna.

Sarkawa, masuntan wannan kogi, suna da labarin Faran Maka. Yadda ake bayar da shi, akwai wani aljanin ruwa, Zinkibaru, mai molo. In ya kaɗa molon nan da dare, sai kifaye su fito su cinye shinkafar Faran. Faran ya tunkare shi da ƙarfin tuwo, aka kayar da shi. Sai da ya koma wurin uwarsa ta faɗa masa abin da bai sani ba, sannan ya ci nasara, molon ya dawo hannunsa. Ni dai wurin nan ne ya fi burge ni: ƙato guda, mai farautar dorina, amma sai da ya durƙusa gaban gyatuma. Yaron da ya ji wannan yana ɗan shekara bakwai ba zai manta ba.

Zabarmawa da Dendawa kuma suna ambaton Harakoy Dikko, wadda suke cewa ita ce uwar ruwa. Mu Hausawa muna da 'yan ruwa da Dodo. Malamai sun gaya mana matsayin waɗannan a addini, ba gardama muke ba, tatsuniya sunanta tatsuniya. Amma kakata da ta ce mini 'yan ruwa na jan ƙafar yaron da ya shiga gulbi da almuru, ta san abin da take yi. Ba ta da lokacin bina bakin ruwa, sai ta aika tsoro ya bi ni. Kuma ya yi aiki.

To yau fa? Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai, da aka rufe gadar da ta haɗa mu da Gaya, jama'a suka koma jirgi. Kun ga yadda ake loda shi: buhuna, babur, mata da goyo, yara a tsugune a baki. Yaran fatake da yawa ba su iya iyo ba. Yaran makiyaya sun saba da ƙetare ruwa da dabbobi, amma ruwan Agusta da Satumba, lokacin da Sota ta cika ta zubo cikin Kwara, ba ya sanin gwani. Wa'azi na minti biyu a bakin jirgi ba ya shiga kunnen yaro. Labarin abokai biyu, ɗan Fulani da ɗan masunci, wanda ɗaya ya ƙi jin maganar ɗaya har kada ta kusa gamawa da shi, wannan kam yana shiga.

Kuma irin wannan labari ba sai an je nesa ba. Ga tsibirin Lete nan, da Benin da Nijar suka yi ta ja a kansa har kotun duniya ta ba Nijar a 2005. Makiyaya sun daɗe suna kai shanu can tun kafin a san wani abu wai shi iyaka. Wace kaka ce ba ta da labarin wata saniya da ta ɓata a tsibiri, ko dorinar da ta tare hanya?

Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, Boubou Hama ya tattara tatsuniyoyin Nijar a littattafai. Namu na bakin ruwan nan, da yawa suna cikin bakin tsofaffi, tsofaffin kuwa tafiya suke yi ɗaya bayan ɗaya.

Saboda haka ranar kasuwa, in ka shigo gari, ka biyo ta tashar nan da tatsuniyar da ka ji a gida, da Hausa, Dendi ko Fulatanci, duk muna so. Za mu ɗauka mu sa wa yara da dare. In tsohuwar ba ta iya tafiya, ku aiko mana, mu za mu je mu same ta.