Lasin Tuƙi Shaida Ne: Jawabi Ga Ma'aikatan Ƙasar Kankiya Da Kusada

 Maganar wannan zama ita ce ta mota da masu tuƙa ta, da gardamar da ta daɗe tsakanin ma'aikata a kan abin da zai rage asarar rayuka a hanyar nan da ta taso daga Katsina, ta ratsa Caranci da Kankiya, ta bi ta Gidan Mutum Ɗaya a ƙasar Kusada, ta nufi Tsanyawa da Bici har Kano. Duk wanda ya yi aiki a ƙasashen nan biyu ya san ta, ya kuma san ranar Lahadi, ranar kasuwar Caranci, sa'ad da motoci ke kwararowa maƙil da buhuna da awaki, ga mutane a bisa kaya.

Waɗansu suna cewa tara ce ta yi kaɗan, a ƙara ta direbobi su natsu. Waɗansu sun ce laifin hanya ne. Waɗansu kuwa, su ne mafi yawa a wurin ta'aziyya, sai su ce kwana ne ya ƙare, a rufe maganar.

Masu neman ƙarin doka su tuna doka ba ta yi ƙaranci ba. Tun zamanin Turawa, a 1947, aka yi dokar zirga-zirgar motoci, En'e na nan da 'yan dokanta. En'e ta shuɗe a 1976. A 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, a 2003 aka tilasta ɗaura bel, a 2009 aka tilasta wa masu babur hular kwano. An kuma yanka wa ƙaramar mota iyakar gudu, kilomita 50 a sa'a cikin gari, 80 a babbar hanya. To, mutum ya tsaya bakin kasuwar Kankiya ya ƙidaya hulunan kwanon da za su wuce shi kafin azahar, ba zai gaji da ƙidaya ba.

Masu cewa kwana ya ƙare sun faɗi gaskiya, amma rabinta. Malaman Malikiyya ba su taɓa ɗaukar ƙaddara hujjar sakaci ba. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane alƙali ya karanta tun yana ɗalibi, an ɗora lamunin abin da dabba ta tattake a kan wanda ke kanta, ko mai janta, ko mai kora ta. Kisan kuskure kuma yana da diyya, raƙuma 100, ko dinari 1,000 ga mutanen zinariya. In shari'a ta kama mahayin doki, wanda dabbarsa ke da nata ra'ayi, ina ga mai mota, wadda ba ta motsi sai ya taka?

Inda maganar ta fi nauyi shi ne wurin lasin. Bisa ƙa'ida, ba a ba mutum sai ya cika shekara 18, ya yi makarantar tuƙi da hukuma ta amince da ita, jami'in duba motoci ya gwada shi, ofishin haraji na jiha ya karɓi kuɗi, sa'an nan Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Hannu uku ke nan na hukuma a kan takarda guda. Ma'anar takardar kuwa ita ce hukuma ta shaida cewa ta ga mutumin nan ya tuƙa, ta yarda a ba shi amanar rayuka. Watau lasin shaida ne, irin shaidar da a ke bayarwa gaban alƙali. Amma ba ɓoyayyen abu ba ne, akwai wanda ke miƙa kuɗi da hoto ga ɗan kamasho, bayan 'yan makonni takarda ta iske shi har gida, ba wanda ya ga hannunsa a kan sitiyari. Ma'aikacin da ya sa hannu a wannan takarda ya shaidi abin da bai gani ba. Sunan wannan a kotu sananne ne, shaidar zur.

Ranar da aka kawo irin wannan direba gaban shari'a, ga dangin mamaci zaune, ga marayu a gida, shi kaɗai a ke tsayarwa. Yakan zaro lasin daga aljihu ya aza a tebur, sabo ful, ba abin da ya same shi. Wanda ya sa masa hannu kuwa yana can ofis, ba ya ma da labari.

Kada a ɗauka direbobi ne ba su jin koyarwa. Ran Lahadi 2 ga Afrilu 1972 ƙasar nan duka ta bar tuƙin hannun hagu ta koma dama, don ta dace da maƙwabtanta. Kafin ranar, direban da ya tashi daga Katsina zuwa Maraɗi sai ya sauya hannu in ya wuce Jibiya ya shiga Nijar. An yi ta shela da wa'azi kafin lokaci, mutanen da yawancinsu ba su yi boko ba suka sauya abin da hannunsu ya saba da shi shekara da shekaru, cikin kwana guda. Ashe in hukuma ta nufi abu da gaske, ana ji.

A nan ne ya kamata a yi wa direbobin tasha adalci. Da yawansu sun fara daga karen mota, sun yi shekaru suna ɗaura kaya da sa waigi ƙarƙashin maigida kafin a bar su su taɓa sitiyari, kuma maigidan ba ya sakin mota ga yaron da bai yarda da shi ba, don motar tasa ce. Wannan ma shaida ce, sau da yawa ta fi ta takarda gaskiya. Saboda haka masu cewa a hana lasin ga wanda bai iya karatun boko ba sun yi nisa. Abin da a ke bukata shi ne a gwada idonsa, a nuna masa alamun hanya ya faɗi ma'anarsu da Hausa, a zauna gefensa ya tuƙa a gani. Wanda ya faɗi a ce ya faɗi, ko ɗan wane ne.

Saura yaran da ba su ko tasa ba, masu tsere da babur a ƙauyuka, ƙafarsu da ƙyar ta ke taɓa ƙasa. Jami'in hanya ba ya kai wa can, amma dagaci da mai unguwa sun san gidan da kowane babur ke kwana, sun san uban da ya ba da makulli. Wannan aikinsu ne, kamar yadda ya ke aikin magabatansu su san baƙon da ya kwana a gari.

Malaman kotu kuma akwai abin da ke hannunsu wanda ba ya bukatar sabuwar doka ko kuɗi. Duk shari'ar haɗarin da ta zo, in alƙali ya yarda, a tambayi direba inda ya karɓi lasinsa, da ranar da aka gwada shi, da motar da aka gwada shi da ita, a rubuta amsarsa cikin littafin shari'a yadda ya faɗa. In shekara ta zagayo a tattara amsoshin, a aika wa hukumomin nan uku ta hannun babban magatakarda, a ba hakimin Kankiya da na Kusada kwafi.