Kalmomin Ƙwace a Harshen Ingilishi



An nemi in yi magana a kan kalmomin Ingilishi masu nufin kamawa da riƙewa da karɓe abu da ƙarfi. Watakila wani ya ce ai wannan darasin 'yan firamare ne. To, amma da yawa daga cikinku ku ne za ku riƙa tsara wasiƙun gwamnati, kuma kalmar da kuka zaɓa ita za ta nuna ko ƙwace aka yi wa mutum ko kuwa doka aka bi.

Bahaushe yana da fizge da warce da wawura da cafke da damƙe. Bature ma yana da irinsu, watau grab da snatch da clutch da grip. Gajeru ne, na bakin kasuwa, kuma su ake jingina wa ɗan sane da yaron da ya warce ƙosai ya ruga. Ba za ku taɓa ganin hukuma ta rubuta su game da aikin kanta ba.

Hukuma tana da nata rukunin, kalmomi masu kamala waɗanda suka fito daga Faransanci da Latin, harsunan fada da kotu a Ingila bayan da Normawa suka ci ƙasar a 1066. Ku ɗauki seize. A tsohuwar shari'ar filaye, ma'anarta a tabbatar wa mutum mallakar wuri bisa doka. Ita kuwa confiscate daga fiscus ta fito, kwandon da Rumawa suke zuba kuɗi, wanda daga baya ya zama sunan baitulmalin sarki. Ashe ke nan an ɗauki kayanka an zuba a kwandon sarki, an kuma sami kalmar da ba ta ƙazanta bakin mai faɗinta. Haka annex, wadda asalinta ɗaura wani abu a jikin wani. Da ita Turawa suke ambaton abin da ya sami Legas a 1861, sa'ad da Sarki Dosunmu ya sa hannu a takardar miƙa garin alhali jirgin yaƙi yana tsaye a bakin ruwa.

Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce pacification, daga kalmar Latin mai nufin zaman lafiya. An ci Kano a watan Fabrairu na 1903, aka ci Sakkwato a watan Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli. Littattafan masu mulkin mallaka suka kira irin wannan aiki wanzar da zaman lafiya. Ƙasar kuma tun 1900 sunanta Protectorate, wai kāre ta ake yi. Daga wa?

Kalmar ganima kuwa, loot, aro suka yi daga harshen Hindi a ƙarni na 18, zamanin da kamfaninsu yake kwasar dukiyar Indiya. Ita ta dace da kayan tagullar da aka kwashe daga fadar Benin a 1897, waɗanda Jamus ta fara mayar da wasu daga cikinsu a 2022.

Kada dai mu tsaya kan Turawa, domin mun gaji kalmomin har mun ƙware. Dokar filaye ta 1978 ta ba gwamna ikon ya yi revoke, watau ya soke izinin zama a fili saboda bukatar jama'a, diyya kuma ta amfanin gona ce da gini da sauran abin da aka raya wurin da shi. A takardun ofis sai a ce gwamnati ta yi acquire. Wannan kalma tana nufin saye, tana kuma nufin karɓewa tilas, ba ta bambanta su ba. Manoman Bakolori, kusa da Talatar Mafara, sun san bambancin. Takaddamar diyyar gonakinsu ce ta kai ga 'yan sanda suka buɗe musu wuta a 1980.

Ranar da shugabanku na ofis ya miƙo muku irin wannan takarda ya ce ku juya ta zuwa Hausa don a karanta wa mutanen ƙauye, Hausa ba za ta ba ku mafaka ba. Dole ku rubuta ko dai an saya, ko an karɓa, ko an ƙwace. Kafin ku zaɓa, ku buɗe fayil ku duba ko an biya, da nawa aka biya, da kuma hannun wanda ya karɓi kuɗin.