Batirin Magnesiyam: Me Ya Hana Shi Shiga Kasuwa?



Batirin litiyam na wayoyinmu yana buƙatar kobalt, kuma fiye da rabin kobalt ɗin duniya a Kwango ake haƙo shi, inda har yara ke shiga rami. Shi ya sa nake bibiyar batirin magnesiyam.

Magnesiyam kam birjik yake, har a ruwan teku. Ƙwayarsa caji biyu take ɗauka, ta litiyam ɗaya tal. Tun 2000 Doron Aurbach da tawagarsa a Isra'ila suka haɗa wanda ake iya sake cajawa.

To ina gizo ke saƙar? Ruwan batirin. In ka zuba irin na litiyam, wani ɓawo zai lulluɓe magnesiyam ɗin, hanya ta toshe. Ruwa mai kulorin yana aiki, amma yana cin ƙarfe.

A ɗaya ɓangaren batirin, wato katod, ana gwada sinadaran kabon irin su kwinon maimakon kobalt. Su kuma narkewa suke yi a ruwan, sai an ɗaure su sarƙa-sarƙa.

Don haka kar wani ya ruɗe ku, da sauran aiki. Ɗaliban kimiyyar sinadarai, ga fili ga mai doki.

Sai mako mai zuwa.