Jagororin Tsageru a Gaban Kotun Amurka



Ranar 6 ga Janairun 2021, lokacin da dandazon magoya bayan Donald Trump suka kutsa majalisar dokokin Amurka don hana tabbatar da nasarar Joe Biden a zaɓen shugaban ƙasa, Stewart Rhodes, jagoran ƙungiyar tsageru ta Oath Keepers, bai taka cikin ginin ba. Enrique Tarrio, jagoran ƙungiyar Proud Boys, kuwa ba ya ma birnin Washinton. Duk da haka a 2023 kotu ta ɗaure Rhodes shekara 18, Tarrio kuma shekara 22.

Baki shi ke yanka wuya. Lauyoyin gwamnati sun baje wa kotu saƙonnin da jagororin suka riƙa aika wa mabiyansu, da shaidar bindigogin da mutanen Rhodes suka jibge a wani otal a jihar Birjiniya, suna jiran umarni. Laifin da aka same su da shi shi ne haɗa baki don yi wa gwamnati tawaye, ƙarƙashin wata doka da ta samo asali tun yaƙin basasar ƙasar. Ma'ana, wanda ya kitsa ya fi wanda ya fasa taga laifi.

Sai dai ranar 20 ga Janairun 2025, Trump, da ya dawo kan mulki, ya yi wa kimanin mutum 1,500 da aka tuhuma kan tarzomar afuwa. An yafe wa Tarrio, an sassauta wa Rhodes, duka suka fito. Tsarin mulki ya ba shugaba wannan iko. Amma idan mai takarar da aka yi tarzoma dominsa zai iya buɗe ƙofar kurkuku, me zai hana wasu tsagerun sake gwadawa a zaɓe mai zuwa?