Jawabin Magatakardan Liman a kan Abokin Haya da Ya Ƙi Biya

Malam Liman ya umurce mu mu yi muku bayani a kan wata rigima da ta yi yawa a zangunanmu na Gana, daga Nima har Kumasi. Watau mutum biyu su haɗa kuɗi su kama ɗaki, a yi wata uku ko huɗu, sai ɗayan ya daina biya, ya kuma ƙi tashi. Ran nan sai a ji an watsa masa kaya waje, ko an sa wa ƙofa sabon kwaɗo. To, mai yin haka ya ɓata gaskiyarsa da hannunsa.

Dokar Haya ta 1963, mai lamba 220, ta ce ba a fitar da ɗan haya sai da umurnin kotu. Wanda ya tsananta masa don ya tashi, laifi ya yi. 'Yan sanda ma ba su da ikon korar kowa. Amma dokar nan ba ta ɗaure wa mai taurin bashi gindi ba. In wata ɗaya ya wuce daga ranar da ya kamata ya biya, bai biya ba, to, an sami dalilin da kotu za ta karɓa.

Da fari a duba da sunan wa aka kama ɗakin. In ku biyu ne kuka ƙulla da mai gida, shi ne zai kai ƙara, kai kuwa ka nemi abin da ka biya masa a matsayin bashi. In kai kaɗai ka kama, sa'an nan ka shigo da shi yana ba ka kuɗi, kai ne za ka kai. Alkawarin baka ma doka ta san da shi, amma sai da shaidu. Kuma kada ka shigo da kowa sai mai gida ya yarda a rubuce.

Na biyu, a gane marar hali da mai hali. Aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umurni a jinkirta wa matalauci, ta 282 kuwa a rubuta bashi. Saboda haka a zo da shi gaban Liman ko Sarkin Zango, a rubuta abin da ake binsa da ranar biya ko tashi, ya sa hannu gaban shaidu biyu. Dokar sulhu ta 2010, mai lamba 798, ta yarda da hukuncin gargajiya, muddin su biyun sun amince tun farko.

In ya saɓa, sai a tafi ofishin gwamnati mai kula da haya, wanda aka sani da Rent Control, da rasit da takardar nan. Za su kira shi. In ya ƙi ji, magana ta tafi gaban majistare, ma'aikatan kotu ne za su fitar da shi.

Hanyar nan tana da jinkiri, mun sani. Amma mai bin ta ba zai tashi daga mai ƙara ya koma wanda ake ƙara ba. Allah ya rufa mana asiri, amin. Haza wasalam.